Kukan da Na Toshe wa Kunne

Maiɗakina ce ta fara jin kukan. Muna dawowa daga wani suna a Hotoro da daddare, cikin sanyin Disambar 2023, ita da yara suna kujerar baya, sai ta ce, "Malam, wai me ke kuka a ƙarƙashinmu ne? Tun ɗazu nake jin wani abu kamar sauro." Na rage rediyo na kasa kunne. Da gaske akwai wani siririn kuka, wiiii, ba ya tsinkewa, kuma ba ya bin totur, ko na taka ko na saki yana nan yadda yake. Na ce mata iska ce ke shigowa ta gefen gilashi. Na mayar da rediyo, har na ƙara masa murya. Na san ba iska ba ce, domin a tsaye muke a danja lokacin da ta yi maganar.

Ni malamin sakandare ne a Kano. Motar 'yar Kwatano ce, na saye ta a hannun wani abokin aiki bayan na shekara uku ina zubin adashi, kuma ranar da na shigo da ita layinmu har yara suka biyo ni da gudu. Ina sonta, ina kuma son yadda ake kallona a cikinta. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabin rantsar da shi cewa tallafin mai ya ƙare. Litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin Yuli ya fita ta wuce 600, albashi kuwa yana inda yake. Da yawa daga abokan aikina suka lulluɓe motocinsu da tamfol, wasu suka koma kan babur, wasu a-daidaita-sahu. Ni na kasa. Ina jin kunyar a ce Malam ya ajiye mota. Sai na koma shan man dubu biyu, man dubu uku, abin da bai kai lita biyar ba a tankin da ke cin kusan hamsin. Allurar geji ta kwanta a kan ja ta ƙi tashi, fitilar nan mai gargaɗin mai ya kusa ƙarewa ta zama kullum a kunne, har idona ya daina ganinta. Wata shida ina haka kafin daren nan na Hotoro.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direba ne. Ya yi shekaru yana jan Fijo 504 tsakanin Kano da Funtuwa, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Famfon man waccan motar a jikin inji yake, injin ne ke motsa shi, ya tsotso mai daga tanki ya kai wa kabureta. In rana ta take ya ɗau zafi ya fara gardama, sai Baba ya gangara gefe, ya buɗe bonet, ya jiƙa tsumma da ruwan buta ya ɗora masa, mu zauna a inuwa minti goma, mu ci gaba da tafiya. Kana ganinsa da idonka, kana taɓa shi da hannunka. Na motocin yanzu masu injekta kuwa a ɓoye yake. Ƙaramin injin lantarki ne, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, an nutsar da shi cikin tankin mai, a yawancin ƙananan motoci daidai ƙarƙashin kujerar baya. Aikinsa shi ne tura mai da ƙarfi har zuwa nozul. A irin ma'aunin da mai faci ke auna iska, tayar ƙaramar mota tana ɗaukar wajen 32, shi kuwa famfon irin motata yana tura mai da ƙarfin 40 zuwa 60. Man da yake turawa ta cikin jikinsa yake bi, shi ke sanyaya shi, shi ke sa masa santsi. In tanki ya yi ƙasa sosai, ɗan man da ya rage yana saurin ɗaukar zafi, ga shi duk kwanar da ka sha ko ramin da ka faɗa man yana karkata gefe guda, famfon ya zuƙi iska yana juyawa a bushe. Ba rana ɗaya wannan ke kashe shi ba, cin sa yake a hankali.

Ba zan ce ban san wannan ba. Na san mafi yawansa tun kafin in sayi motar, domin ɗan direba ba ya tashi bai san komai ba. Baba kan kashe rediyo da zarar ya tayar da inji, ya yi shiru ya karkata kai, mu ma mu yi shiru. Tuƙin na koya a wurinsa, sauraron nan ne ban ɗauka ba.

Cikin Janairu tashin safe ya fara wuya. Da ina murza makulli sau ɗaya ta kama. Yanzu sai kik ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, kafin injin ya amsa. Na ɗora wa sanyi da batir laifin. Amma batir in ya yi sanyi juyin kik ne ke yin nauyi, nawa kuwa da ƙarfinsa yake juyawa, man ne ba ya isowa da wuri. A jikin famfon akwai wani ɗan bawul da ke hana mai komawa tanki in an kashe mota, domin bututu ya kwana a cike. In ya gaji, man sai ya sulale ya koma cikin dare, da safe sai famfon ya sake cika bututun daga farko. Da kaina na gano dabara: in murza makulli har fitilun gaba su kama, ba tare da na tayar ba, in jira in ji famfon ya yi ɗan gunjin nan na daƙiƙa biyu, in mayar, in sake, sau uku, sannan in tayar. Sai ta kama nan take. Na yi murna da dabarar, har na koya wa wani abokin aiki. Alhali dabarar ita ce shaidar ciwon, domin motar da famfonta ke da lafiya ba ta buƙatar a roƙe ta sau uku.

Daga nan sai hawa. Kano ba garin tudu ba ne, gadojin sama su ne tudunmu. Ranar wata Asabar na ɗauko buhun shinkafa da jarkar man gyaɗa a but, da mutum uku a ciki, na doshi gadar Ƙofar Nassarawa. Ina tsakiyar hawa na taka totur, motar ta yi kamar wanda aka riƙe wa riga ta baya. Ta fizga, ta saki, ta sake fizga, injin yana tari. Mai a-daidaita-sahun da ke bayana ya dinga danna ham. Na sauko giya, na lallaɓa ta har muka hau, da muka gangara ta ware kamar ba ita ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A tsaye ko a tafiyar cikin unguwa injin ɗan mai yake nema, ko gajiyayyen famfo zai iya ba shi. In an zo hawa, ko an yi lodi, ko za ka wuce babbar mota a titi, injin yana neman mai da yawa a lokaci guda, sai ƙarfin famfon ya faɗi, iska ta rinjayi mai a cikin injin. Wannan alamar ita ce ta fi haɗari, domin a daidai lokacin da ka fita hannun wani kana buƙatar motar ta ja, a lokacin take sakin ka.

Sai da aka kai nan na je gareji. Bakanikena dattijo ne mai ƙarancin magana, tun zamanin Baba yake aiki. Ya sa yaronsa ya murza makulli, shi kuma ya buɗe murfin tanki ya kara kunne. Ya ce a sake. Sannan ya ɗauko wani ma'auni mai allura, ya ɗaura a bututun mai, ya ce in taka totur da ƙarfi. Da idona na ga allurar tana faɗuwa a lokacin da ya kamata ta tsaya. Bai tsaya nan ba, ya duba fiyus, ya canja rile da wani ya gwada, ya bi wayar famfon ya ga wuta tana isa yadda ya kamata. Ya goge hannu ya ce, "Malam, famfon nan ya gaji. Kuma in ka yarda da maganata, yunwa ce ta gajiyar da shi. Dubi gejinka."

Na ji zafin maganar, domin yaransa suna tsaye suna ji. Na ce ai wani ya ce min filogi ne, wani kuma ya ce a wanke nozul. Ya ce, "Filoginka lafiyarsu ƙalau. Ba na son in ci kuɗinka a banza." Na nace. Ya yi shiru, ya sa aka canja filogin, aka wanke nozul, ya karɓi kuɗin aikinsa, da zan tafi ya leƙo ta taga ya ce, "Don Allah kada ka yi doguwar tafiya da ita." Na ce to.

Gaskiya ne cewa waɗannan alamun ba na famfo kaɗai ba ne. Matacin mai in ya toshe yana kawo fizga a hawa, koyil in ya fara mutuwa yana sa tari, rile mai gardama yana kashe mota a tsakiyar titi, akwai kuma na'urar da ke karanta juyin inji wadda ita ma in ta ɗau zafi takan ɗauke. Shi ya sa nake ganin laifin bakaniken da zai ji labari a baki kawai ya ce a sayo famfo, mutum ya zuba kuɗi ciwon yana nan. Mutane da yawa sun ƙone a haka, daga nan suka daina yarda da kowane bakanike. Amma ni ba ni da wannan uzurin. An auna a gabana, an cire sauran zato ɗaya bayan ɗaya, na ga allura da idona.

Sai na koma neman wanda zan ɗora wa laifi. Na ce man gidajen mai ne ba shi da kyau. Na ce 'yan bumburutu ne, domin sau biyu ko uku mai ya yanke min na sayi galan a bakin titi, an zuba min ta mazurari da tsumma a bakinsa. Gurɓataccen mai kam akwai shi, ba ƙarya ba ne. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata motocin mutane, janye shi daga kasuwa ya jawo layin mai na makonni. Ruwa ma in ya shiga tanki ƙasa yake kwanciya don ya fi fetur nauyi, a ƙasan kuma bakin famfon yake. Duk na san wannan, na kuma riƙe shi gam, domin ya fi sauƙi a bakina in ce an cuce ni da in ce ni ne na yi.

Ga abin da ya fi yi min nauyin faɗa. A ƙarshen Fabrairu kuɗi ya shigo hannuna, wani ɗan alawus na aikin jarrabawa da na daɗe da fid da rai. Ya isa in je Ƙofar Ruwa in sayi famfo mai kyau, in biya kuɗin aiki, har in cika rabin tanki. Na riƙe kuɗin kwana biyu. A rana ta uku na shiga Kantin Kwari na yanko shadda, tawa da ta yara maza, domin azumi ya matso kuma ina tunanin Sallah. Na ce wa kaina motar ai tana tafiya, bayan Sallah a gyara. Shadda ana ganinta a filin idi, famfo kuwa yana cikin tanki, ba mai ganinsa. Da wannan ma'aunin na yanke hukunci, ko da yake a lokacin ban yarda na faɗa wa kaina haka ba.

Azumin 2024 ya kama a tsakiyar Maris, cikin tsananin zafi. A sati na biyu motar ta mutu a cunkoson la'asar, ana rububin komawa gida shan ruwa. Ba ta yi wani ƙara ba, injin kawai ya yi sanyi ya ɗauke. Na murza, kik yana juyawa, ba ta kama ba. Wasu samari suka taya ni turawa gefe. Na zauna minti ashirin, na sake murzawa, ta tashi kamar ba abin da ya faru. Haka gajiyayyen famfo yake yi: in ya ɗau zafi ya tsaya, in ya huce ya dawo. Wannan dawowar ita ta yaudare ni fiye da komai. Sau uku ta yi min haka cikin kwana goma, sau uku tana tashi, har na ɗauka na san halinta, minti ashirin ne maganinta.

Cikin goman ƙarshe, farkon Afrilu, bayan sallar asuba waya ta shigo daga Malumfashi. Kawu ya rasu, ƙanin Inna, su biyu suka rage a ɗakinsu. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. An sa jana'iza ƙarfe 11. Na je gidanta na same ta a kan dadduma, ta riga ta yafa mayafi, ƙullin kayanta a gefe. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai, ka kai ni in gan shi kafin a fita da shi." Ƙanwata ta ce ko mu je tasha mu hau ta haya. Na ce haba, ga mota a ƙofar gida. Maganar dattijon nan ta gareji ta faɗo min a rai a daidai lokacin, na ji ta sarai, na kawar da ita.

Mun bar gida bakwai da rabi. Na tsaya na sha lita goma sha biyar, iyakar abin da ke aljihuna bayan na ware na sadaka. Muka bi ta Kabuga, muka wuce sabuwar jami'ar Bayero da Janguza. Inna da ƙanwata suna baya, a kan kujerar da famfon ke ƙarƙashinta. Ba rediyo ranar, don haka ba abin da zai rufe kukan, yanzu kuma ya tashi daga na sauro ya koma kaushi, yana hawa yana sauka. Inna tana jan carbi, ba ta ce komai ba. Mun wuce Gwarzo da kaɗan, ba mu kai Dayi ba, na fito zan wuce wata motar itace, na taka totur, motar ta sake ni. Allah ya sa ba abin da ke tahowa. Na koma hannuna, ta yi ta fizga, ta mutu. Na gangara da ita gefe da ragowar gudunta. Ƙarfe tara saura kaɗan.

Na ce musu kada su damu, zafi ta ɗauka, minti ashirin za ta tashi. Ƙanwata ta shimfiɗa wa Inna ɗankwali a gindin wata darbejiya. Bayan minti ashirin na murza, ta tashi. Muka shiga, ba mu yi tafiyar minti biyar ba ta sake mutuwa, wannan karon a fili, ba inuwa kusa. Inna ta ce, a hankali, ba tare da ta dube ni ba, "Ko a tsayar mana da ta haya?" Na ce, "Inna, yanzu za ta tashi." A lokacin motoci biyu na haya sun wuce da gurbi a ciki, na gan su, ban ɗaga hannu ba. Ina jin in na sa uwata a motar haya na tsaya a titi, na amsa laifina a gaban kowa. Na sake jira. Na murza makulli na kasa kunne don in ji gunjin nan na daƙiƙa biyu. Shiru. Na mayar na sake. Shiru.

Wani mai babur ya tsaya, ya ce akwai bakanike a gaba, ya je ya ɗauko shi. Yaro ne matashi, ya zo da sifana uku a aljihu. Ya ji bayanina, ya samo guntun icce, ya kwanta ƙarƙashin motar ya ce in riƙa murzawa. Ya dinga bugun ƙasan tanki, kwas, kwas, kwas. A bugu na biyar ko na shida na ji famfon ya yi gunji, injin ya kama. Bugun yana girgiza gawayin da ke cikin famfon ya sake taɓa inda wuta ke bi, shi ya sa yakan farfaɗo. Yaron ya fito yana kakkaɓe riga ya ce, "Alhaji, wannan ba gyara ba ne fa, in ta mutu kuma shi ke nan." Ko kilomita biyu ba mu yi ba. Ƙarfe goma ta wuce.

Sai a lokacin na tsaya a bakin titi ina ɗaga hannu. Yanzu kuma duk motar da ta zo a cike take. Wayata tana ta ƙara, ɗan Kawu yana tambaya ina muke, an yi wanka, an sa likkafani, mutane sun taru, ana jiran Inna. Na ce a ƙara mana minti talatin. Suka ƙara. Inna tana tsaye a rana da azumi a bakinta, mace mai shekara saba'in da ɗoriya, leɓɓanta sun bushe, ta riƙe ƙullin kayanta a ƙirji da hannu biyu kamar za a ƙwace mata. Wajen sha ɗaya saura wata mota ta tsaya, wasu bayin Allah biyu suka matsa suka ba su wuri. Sha ɗaya da rabi ɗan Kawu ya sake kira, muryarsa a ƙasa, ya ce liman ya ce zafi ya yi yawa, ba za a ƙara ajiye shi ba. Ban ga laifinsu ba. Ƙanwata ta faɗa min daga baya cewa suna shiga layin gidan, maza suna dawowa daga maƙabarta. Inna ta shiga ɗakinsa, ta zauna a bakin tabarmar da aka kwantar da shi, ta dafa wurin da hannu, ta daɗe a haka.

Ni ina can bakin titi. Yaron ya koma Gwarzo ya samo famfo na hannu. Ya cire kan batir tukuna, ya ce kowa ya matsa da waya da ashana, domin tururin fetur ba ya jiran harshen wuta, tartsatsi ya ishe shi. Ya ɗaga kujerar baya, ya kwance wani faifan ƙarfe, warin mai ya cika motar, ya zaro famfon da gidansa yana ɗiga. Ya ɓalle shi ya miƙo min. Na juya shi a tafin hannuna. Ɗan abu ne, nauyinsa bai kai na kwalbar lemo ba, da ɗumi har lokacin. A gindinsa akwai 'yar rariya mai kama da jaka, wadda sabuwarta fara ce, tawa ta koma baƙa ƙirin, na murza ta da yatsa wani laka mai yashi-yashi ya fito. Na leƙa cikin tankin ta ramin, na hango ɗan man da ya rage yana ƙyalli can ƙasa. Yaron ya ce, "Wannan ai ya daɗe yana kuka, ba ku ji ba?" Na ce na ji.

Na isa Malumfashi bayan la'asar. Na yi wa maza gaisuwa a ƙofar gida, na shiga ciki na durƙusa gaban Inna, na kasa ɗaga kai. Mata sun cika ɗakin. Na ce, "Inna, ki yafe min." Ta ce, "Allah bai nufa zan gan shi ba. Tashi ka je ka yi salla." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, a ranar da kuma bayanta. Na yi imani da abin da ta faɗa, ba abin da ke faruwa sai da nufin Allah. Amma ita ce ke da ikon faɗar wannan maganar, ni ba ni da shi. In na ɗauke ta na rufe kaina da ita, na ci amanar haƙurinta. Wata huɗu ana faɗa min, matata ta faɗa, dattijon gareji ya faɗa, motar da kanta ta faɗa ta hanya huɗu ko biyar.

Ranar Sallah na sa shaddar, domin an riga an ɗinka kuma yara suna murna da tasu. Na je idi na dawo na cire ta, ban sake sa ta ba, daga baya na ba wani ɗalibina. Bayan hutu na koma wurin bakanikena. Ban ɓoye masa komai ba. Bai ce ai na faɗa maka ba, ya dai yi salati ya yi wa Kawu addu'a. Ya ce famfon hannun da aka sa min a hanya ba abin dogaro ba ne, ba wanda ya san shekarunsa. Muka sayi sabo, aka sauke tankin aka wanke, aka canja rariya da matacin mai, domin sabon famfo a tanki mai datti kwanansa kaɗan ne. Ya auna a gabana, na taka totur, allurar ta tsaya cak.

Mai bai yi sauƙi ba, kafin shekarar ta ƙare lita ta haura naira 1,000. Abin da na iya shi ne rage fita. Kwana uku a mako ina hawa a-daidaita-sahu zuwa makaranta, ba wanda ya ce min komai, ashe ba mai lura. Kuɗin da na tara ina zuba shi a tanki lokaci guda, in allura ta sauko kwata in ɗauka mai ya ƙare. Man da mota za ta ƙona ɗaya ne, ko daga saman tanki ko daga ƙasansa, wahalar cikawar farko ce kawai.

Da kwana arba'in suka cika za a koma Malumfashi addu'a, na je gidan Inna tun daren na ce mata motar ta gyaru sarai, an sa sabon famfo, tanki a cike yake, da safe zan zo in ɗauke ta. Ta yi shiru tana gyara bakin zanenta. Sannan ta ce, "Allah ya yi albarka. Ka dai kai mu tasha, ka huta." Ban yi musu ba. Da safe na kai su, na biya kuɗin kujerar gaba mutum biyu domin ta sake, na sa mata ƙullinta a ƙafa, na tsaya har motar ta cika ta tashi. Na koma tawa na zauna, na murza makulli rabi. Famfon ya yi gunjinsa na daƙiƙa biyu ya yi shiru. Na tayar, na bi bayansu a hankali har Malumfashi.